Tarana Mai Yatsu Huɗu

A zamanin da dajin Dakwara bai san gatari ba, an yi wata mace a cikinsa mai suna Tarana, 'yar maharba. Ƙaro take tsinta, ta dafa shi da gawayi ta haɗa tawada. An ce ko kura ba ta tsallaka inda ta ɗora tukunyarta. Tarana ta Dakwara, ƙaya a hanyar mugu!

Arewa da dajin akwai birnin Tingaram, na wasu fatake farar fata. Malaminsu Shehu Muhtadi ne, mutum mai ilimi, mai girman kai kamar ya fashe. Dokarsa ɗaya ce: baƙar fata ba ya riƙe alƙalami, wanda ya riƙe kuwa a bakin babban yatsansa. Ka ji zalunci! Tawadar da suke taƙama da ita fa daga hannun Tarana take fitowa.

Duk ranar da ta kawo, a dokin ƙofa take durƙusawa. Ɗalibai su tsoma alƙalami su gwada a allo, suna kiran sunan kowane harafi. Ita kuwa kanta a sunkuye, idonta a kan allon. In ta koma daji sai ta fere kara ta yi ta zanawa a bayan ƙwarya. Shekaru suka tura, har ta iya karanta abin da ke allon kafin mai allon ya buɗe baki.

Rannan tsautsayi ya sa ta rufe tawada da ƙwaryar da ba ta wanke ba. Shehu ya juya ƙwaryar, ya ga layi a miƙe, ya fi na ɗansa kyau. Fuskarsa ta yi ja.

Ya ce, "Ke baiwa, wa ya rubuta wannan?"

Ta ce, "Allah gafarta malam, ni ba baiwar kowa ba ce. Ni na rubuta."

A bakin kasuwa aka sare mata yatsan, jama'a na kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta juya, ba ta sake kai musu ko ɗigon tawada ba.

Da hannun ya warke, ta maƙale alƙalami tsakanin manuni da na tsakiya. Ta sha wuya, wallahi, kafin harafi ya tsaya mata. Sannan ta haƙa rijiya, ta kafa rumfa, ta tara 'ya'yan maharba da na makiyaya da na bayin da suka tsere, ta shiga koya musu. Bukkoki suka zama gari.

Bayan ta tsufa, fari ya cinye Tingaram. Sai ga Shehu Muhtadi, ya makance, jikokinsa suna jansa, suna neman ruwa da wurin karatu. Gari ya ɗauki zafi. Wani maƙeri tsohon ɗalibinta ya zaro wuƙa.

Ya ce, "Inna, ba mu izini. Yatsa a bakin yatsa!"

Tarana ta dubi yaran. Sannan ta ce, "Mayar da wuƙarka. Muhtadi, ban yafe maka ba, ba kuma zan yafe ba. Mu haɗu gaban Allah. Amma ni ba na korar mai neman karatu." Ta ɗaga hannunta na dama. "Sharaɗi ɗaya: duk wanda zai yi rubutu a rumfata, yadda nake riƙewa zai riƙe."

Ta sa aka kamo hannun tsohon, ta ɗora shi a kan dungun yatsanta, don ya shafa abin da ba ya iya gani.

Garin yana nan, Rijiyar Tarana ake kiransa. Har yau ran da aka kai yaro makaranta, fari ne ko baƙi, malam zai naɗe masa babban yatsa a tafin hannu kafin ya miƙa masa alƙalami. In yaron ya tambayi dalili, sai a gaya masa sunan Muhtadi.