Kurege da Faifan Surukarsa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku gyara zama, na baya ya matso, don ba maimaitawa zan yi ba.

Kurege ne, mutumin Tudun Kanya. A garinsu akwai wasan da ake yi in an gama girbi, wai shi jifan faifai. Kwanduna ake ratayewa a jikin itatuwa, nan ɗaya, can ɗaya, har guda tara. Sai ka tsaya daga nesa ka wurga faifanka. Inda ya faɗi, nan za ka je ka tsaya ka sake wurgawa, har ya shiga kwando, sannan a wuce na gaba. Wanda ya gama taran nan da jifa mafi ƙaranci, shi ne gwani.

To a Tudun Kanya babu gwani sai Kurege. Ba komai ba ne kuwa, filin ya haddace. Ya san kowace bishiya, ya san inda iska ke juyawa. Shi kuma ya ɗauka hannunsa ne ya fi na kowa.

Ana nan ana nan, sai aka yi shelar gasa a Gangaren Marke, can hayin kogi. Wanda ya ci, buhun gyaɗa nasa ne. Kurege bai taɓa taka Gangaren Marke ba, amma da ya ji an ambaci gyaɗa sai yawunsa ya tsinke. Ya shiga ɗaki ya ɗauko faifansa, ashe gara ta cinye rabi.

A kwanakin nan surukarsa, Inna Yalwa, ta zo musu baƙunta. Ta zo da faifanta, saƙar hannunta, mai zanen ja da baƙi, da shi take rufe ƙwaryar furarta. Kurege kuwa ba ya jin kunyar kowa a duniya sai ita. In ya hango ta, tun daga zaure yake durƙusawa. Bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa sa ko ƙwayar gero a baki a gabanta ba. Ita ma ba ta yi masa magana sai ta bakin ’yarta Kande, matarsa.

Ran gasa da safe Inna Yalwa ta tafi suna maƙwabta, ta ce sai la’asar. Tana fita Kurege ya ɗaga faifan, ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu.

Kande ta ce, “Malam, na Inna ne fa.”

Ya ce, “Ai na sani.”

“In ta dawo ba ta gan shi ba, da wane ido za ka dube ta?”

“Dā ma da wane ido nake duban ta? Kafin la’asar yana kan ƙwaryarsa, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.”

Ya cusa shi cikin riga, ya kama hanya.

Ya isa Gangaren Marke da hantsi. Mai kula da filin wani tsohon Kunkuru ne, ya tara baƙi a gindin marke ya ce, “Al’adarmu a nan, baƙo ba ya jifa sai ya taka filin da ƙafarsa. Ku biyo ni in nuna muku kwanduna, in gaya muku dokoki.”

Kurege ya dubi tafiyar Kunkuru, ya dubi rana. Ya kuma waiwaya ya dubi akushin ƙosai da tukunyar kunun gyaɗa da aka ajiye wa baƙi a inuwa, ba mai tsaro. Nan take ƙafarsa ta fara ciwo.

Ya ce, “Baba Kunkuru, ƙaya na taka a hanya. Ku je, ni fili duk fili ne.”

Kunkuru ya ce, “Namu yana da hali, ɗana.”

“Ai na sani.”

Aka tafi aka bar shi. Ya ci ƙosai, ya kora da kunu, ya sake cin ƙosai don kada kunun ya yi kaɗaici. Da aka dawo ya ce wasu hankaki ne suka yi ɓarna, shi da ƙafa ba lafiya ya kasa korar su. Aka ƙyale shi, baƙo ne.

Aka fara wasa. Aka haɗa shi da Zomo, ɗan garin, wanda a filin nan ya yi wayo. Kurege ya dubi gaba, bai ma ga inda kwandon farko yake ba. Amma Kurege ne. Ya rusuna ya ce, “Masu gida a gaba. Bismillah, Malam Zomo.”

Zomo ya wurga ta dama da wata tsamiya. Kurege ma ya wurga ta dama da tsamiyar. Zomo ya yi jifa ƙasa-ƙasa don iska, Kurege ma ya yi ƙasa-ƙasa. Zomo ya saka a kwando da jifa uku, Kurege ya saka da uku. Kwando na biyu haka, na uku haka. Inda Zomo ya sa ƙafa nan Kurege ke sawa, in Zomo ya sosa kunne kafin jifa shi ma sai ya sosa. Faifan Inna kuwa tafiya yake a iska shiru, ba ya karkata, ba ya rawa. ’Yan kallo suka fara cewa, “Kai, baƙon nan kamar a nan aka yanke masa cibiya!”

Maganar nan ita ta shiga kan Kurege. A kwando na shida ya saki hannu sosai, ya saka da biyu, Zomo da uku. Aka yi ta tafi, yana ta kaɗa jela.

Da aka zo na bakwai ya sake rusunawa. “Masu gida a gaba.”

Kunkuru ya ce, “A’a. Wanda ya fi a kwandon baya shi ke fara na gaba. Na faɗa da safe.”

Kurege ya sha jinin jikinsa, amma ya yi fuska. Ya duba. Ga kwando can yana lilo a jikin ɗinya, kusa ƙwarai, ba abin da ya raba su sai wata doguwar ciyawar gamba. Ta hagu kuma ga wata hanya ta yi zagaye mai nisa. Ya ce a ransa, wawa ne kaɗai zai bi zagaye ga kwando yana kallonsa.

Kunkuru ya ce, “Ka dai san abin da ke bayan gambar nan?”

“Ai na sani.”

Ya ja da baya, ya wurga. Faifai ya tashi lafiya, ya haye gamba lafiya. Can sai wata iska mai sanyi ta danno shi ƙasa. Aka ji ƙwal! Sannan aka ji wata murya mai kauri ta ce, “Yau kuma wane ne?”

Kurege ya ratsa ciyawa a guje. Ashe tafki ne. A tsakiyarsa ga Kada kwance, faifan Inna a kan ƙeyarsa. Kada ya girgiza kai faifan ya zamo, ya cafe shi da haƙori. Gyaɗa ta fita daga ran Kurege sarai, ba abin da yake gani sai ƙwaryar fura a buɗe da Inna Yalwa tsaye a kanta.

Ya durƙusa a bakin ruwa. “Ranka ya daɗe, sannu da hutawa. Ni dai tun a garinmu nake jin labarin ƙarfin wuyanka. An ce in ka wurga faifai, sai ya haye tafkin nan ya faɗo daidai inda nake.”

Kada ya ajiye faifan a kan bayansa ya ce, “Bara Dila ya gaya mini haka. Bara waccan Biri. Fayafayansu na nan gida, matata na shanya kifi a kai.”

Kurege ya lalubi ƙarya a cikinsa, ta ƙare. Abin da bai taɓa yi ba sai ya yi, ya faɗi gaskiya.

“Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne. Na surukata ne. Ba ta san na ɗauko ba, kuma da la’asar za ta dawo.”

Kada ya waiga baya, ya rage murya. “Uwar matarka?”

“Ita.”

“A gidanka take?”

“Kwana biyu ta zo yi.”

Kada ya yi ajiyar zuciya har ruwa ya motsa. “Tawa ma kwana biyu ta zo yi. Bana shekara sha ɗaya.” Ya matso bakin gaɓa a hankali. “Ɗauki abinka, bawan Allah, kafin surukar tawa ta farka ta gani ta ce tana so.”

Sai ga Kunkuru ya iso da jama’a. Ya ce, “Faifan da ya faɗa ruwa, an ƙara wa mai shi jifa biyu.”

Hankalin Kurege ya riga ya dawo, wayonsa ma ya biyo shi. Ya ce, “Baba, taɓa ka ji. Ina ruwa? A kan mai gida ya sauka. Doka ta ce inda faifai ya faɗi nan ake tsayawa, ko ba haka ba?”

Kunkuru ya taɓa, a bushe. Ya ce, “Haka ne.”

Kurege ya nemi izini ya haye bayan Kada, Kada ya kai shi tsakiyar tafki, ya wurga. Faifai ya shige kwando kamar an sa da hannu. Jifa biyu. Zomo ya bi zagaye ya saka da huɗu. Daga nan Kurege ya koyi tambaya, kwando na takwas da na tara sai da ya sa Kunkuru ya nuna masa kowane rami. Aka ƙirga, Kurege ya ci.

Ya rungumi buhu. Kunkuru ya ce, “Dakata. Kawo faifan. A nan faifai ke cin gasa, mai faifai ke karɓar kyauta. Shi ma na faɗa da safe.” Ya juya shi, ya dubi zanen ja da baƙi, sai ya yi murmushi. “Ikon Allah! Wannan ai saƙar Yalwa ce. ’Yar garin nan ce, shekara bakwai a jere tana cinye mu kafin a kai ta aure. Ku kira makaɗa. Wannan buhu har gida za mu kai mata.”

Kurege ya ce, “Baba, kada ku wahala, ni zan kai.”

“Wahala? Yalwa ce fa.”

Haka aka taho da kalangu da guɗa, Kurege a gaba da buhu a ka. Suka iso ƙofar gida daidai la’asar, Inna Yalwa na dawowa daga suna. Kunya ta lulluɓe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa, ya miƙa wa Kande faifai, Kande ta miƙa wa Inna.

Inna ta shafa gefen faifan, ta ji gurbin haƙori. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kande, ki ce wa mijinki an gode. Ki kuma ce masa, a na bakwai ta hagu ake bi. Da ya tambaya, ai da an gaya masa.”

Kande ta ce, “Malam, ka ji.”

Ya buɗe baki zai ce ai ya sani, ya haɗiye.

Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zauna. “Ki ce masa hannuna ya tsufa. Ya taimaka ya ɓare mini.”

Kurege ya zauna a gabanta, kai a sunkuye, yana ɓarar gyaɗa yana zubawa a kan faifan nan. Kwana uku yana ɓara, Inna na kallo tana ɗan taunawa. Buhu guda ya bi ta hannunsa ƙwaya-ƙwaya, ko ɗaya ba ta kai bakinsa ba.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɓawon gyaɗa. Duk wanda zai yi wasa a filin da bai sani ba, ya taka shi da ƙafa, ya tambayi ’yan gari. In kuwa ƙosai ya hana shi, to ya dai ari faifan wanda zai iya tauna a gabansa.