Tagar da Kubra ta toshe

Akwai wata mata a Dumega mai suna Kubra, sana'arta daudawar batso. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da tukunyar daudawar nan ta reni ɗanta Tukur har ya zama mutum, ya sayi babur yana kabu-kabu a Dogon Dutsi. In ta kasa kayanta a kasuwa ba ta ragi. Ka taya, ta dube ka sama da ƙasa, ta ce je ka gaba ka sayi mai arha, miyarka za ta ba ka labari.

Tun tana yarinya uwarta ta gaya mata daudawa ba ta son ido. Wai in baƙon ido ya faɗa tukunya tana kan wuta, ba za ta nuna ba, sai dai ta lalace. Kubra ta riƙe maganar nan gam.

To, ɗakin girkinta 'yar taga ɗaya gare shi, kuma gidan maƙwabciyarta Lubabatu take kallo. Wata shekara daudawa ta ƙi yin kyau. Kubra ta tuna ta ga Lubabatu tana shanya kusa da tagar. Ba ta tambayi kowa ba. Ta kwaɓa laka ta toshe tagar, ta rataya tsohuwar tabarma a ƙofa. Daga ranar, gaisuwa ma sai ta fatar baki.

Ku da kuka san aikin, kun san 'ya'yan sure, wato yakuwa, da ake daudawar da su ba sa dahuwa da wasa. Wuni ake ana tura icce. Da damina kuwa iccen a jiƙe yake, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki har mutum ba ya ganin hannunsa. Rufin ya yi baƙi ƙirin. Kubra na ciki, idanu na zubar da ruwa, tana cewa ai ta saba.

Sai tari ya fara, na asuba, mai kaki. Shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Tulun da take ɗaukowa daga rijiya ba hutu, yanzu sai ta sauke shi a hanya tana haki. Ƙafafu suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Wasu mata suka ce doguwa ce ta shiga ɗakin girkin, aka ba ta turare ta riƙa turarawa. Hayaƙi ya hau kan hayaƙi.

Tukur ya ce, "Inna, don Allah mu tahi likita."

Ta ce, "Tari ne ba ka taɓa ji ba? In na tahi wa za shi duba mini tukunya? Ko waccan mai idon?"

Wata safiya ta hura wuta, ta zauna kan kujerarta. Ta ja numfashi, ya ƙi zuwa. Ƙirjin kamar an ɗora masa turmi. Ta so ta yi tari, ko tarin ya gagara. Ta so ta yi kira, ba murya. Tana zamewa ƙasa sai ta ga an fizge tabarmar ƙofa, haske ya shigo, wasu hannaye sun kama ta ana janta waje ana salati. Lubabatu ce.

A asibitin Dogon Dutsi aka ɗauki hoton ƙirjinta. Likita ya duba, ya dube ta.

"Inna, kina shan taba?"

Duk da ciwo sai da ta yunƙura. "Ni? Yaro, ka san da wa kake magana?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Huhunki ne ya yi kama da na mai shan taba. A ina kike girki?"

Tukur ya kwatanta masa ɗakin. Likita ya kaɗa kai, ya ce hayaƙin icce ba a ido kaɗai yake tsayawa ba. Yana bin numfashi ya shige can ciki, ya ƙuntata hanyoyin iska a hankali. In huhu ya wahala, zuciya ce ke ɗaukar nauyin, ta yi ta turawa har ta gaji. Abin da ya kumbura mata ƙafa ke nan. Ya ce abin da ya ɓaci ba duka zai dawo ba, amma abin da ya rage ana iya tsare shi, muddin ba ta koma cikin ɗakin nan ba.

Kubra ta juya fuska bango. Ita a ranta, an ce mata ne ta zaɓa tsakanin numfashinta da tukunyarta.

Ranar da aka sallamo ta, tun daga zaure ta ji warin da ta sani. Ta shiga a hankali, Tukur na riƙe da ita. Ga murhu an kafa a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro, iska na kwashe hayaƙin. Ga tukunyarta a kai. Ga Lubabatu tana tura icce da hannu ɗaya, fuskarta na kallon katanga, ta ja gyale ta rufe gefen ido.

Kubra ta ce, "Ke, mi kike yi haka kamar amarya?"

Lubabatu ba ta juyo ba. "Masu saye na ta sallama, na ce kada su saba da wata. Amma wallahi ban duba ciki ba, innar Tukur. Da hanci nike aikin."

Kubra ta zauna bakin turmi. Ta dubi Lubabatu.

"Ran nan, wa ya gaya miki na hwaɗi?"

"Ba kowa. Tarinki ne ban ji ba. Kullum in na sallame asuba ina jin shi ta bango, in ce alhamdu lillahi, tana nan. Ran nan sai na ji shiru."

Kubra ta sa bakin zane ta goge ido, kuma wannan karon ba hayaƙi ba ne.

"Lubabatu, juyo ki dubi tukunyar nan kada ki ƙona hannu. Dube ta da kyau. Kuma wutar ta yi yawa, icce ba kyauta ake ba ni ba."

Lubabatu ta yaye gyalen tana dariya. "To ke ma matsa can, hayaƙin ke yake bi, ya san ki."

Daudawar ta nuna, ta yi kyau kamar kullum. Tukur ya ɗauki gatari ya fasa lakar tagar, ya ƙara mata faɗi.

Numfashin Kubra bai dawo kamar da ba. Tafiyarta a hankali, maganinta ba fashi. Amma kumburin ya saɓe, tana barci, kuma a kasuwa har gobe ba ta ragi. Yanzu in Lubabatu ta ji shiru da asuba ba ta tsorata. Ta tagar take leƙowa, su gaisa.

Darasi: 'Yan uwana mata, hayaƙin icce ba a sabawa da shi, ci yake a ɓoye, ya ci huhu ya gajiyar da zuciya. Ku yi girki inda iska ke wucewa, ku buɗe taga, ku nemi busasshen icce, kada ku shiga hayaƙi da goyo a baya. Tarin da ya ƙi wucewa a kai shi likita. Kuma kada zargi ya sa ki toshe tsakaninki da maƙwabciya, wataƙila ita ce ke sauraron numfashinki. Ku tura wa duk wadda kuka sani tana wuni a gaban murhu.