Tsaga Goma Sha Bakwai a Jikin Kwakwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wata 'yar ƙasa da teku ya kewaye ta ko'ina, tsibirin da mai keke zai zagaye shi tsakanin hantsi da la'asar. Sunansa Shu'aibu. Ku saurara da kyau, jama'a. Tun yanzu nake gaya muku, labarin nan akwai inda zai ɓaci, kuma a gidan mutumin kirki zai ɓaci.

Wanki ne aikin Shu'aibu. Shi yake wanke rigunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, ta yara 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai. Ya wanke, ya shanya, ya goge, ya ɗinke inda ya yage. Shekara da shekaru yara suna zuwa, suna girma, suna wucewa, ba su taɓa cin wasa ko ɗaya a ƙasar waje ba. Mutanen tsibirin 'yan kaɗan ne. Idan an tattara yaran da suka iya ƙwallo, da ƙyar ake cika goma sha takwas.

Sai Allah Ya ba Shu'aibu ɗa, Uzairu, ya tashi mai tsaron raga. Dogo ne, tafin hannunsa kamar faifai. Idan yana atisaye, masunta barin komarsu suke yi a bakin ruwa su zo kallo. Aka ce bana dai, da yaron nan a raga, tsibiri zai shiga babbar gasa karon farko.

To, mutanen nan suna da wata al'ada. Idan aka yi haihuwa, uba yakan binne cibiyar jariri a bayan gida, ya shuka kwakwa a kai. Duk shekara, idan watan haihuwar ya zagayo, sai ya ɗauki wuƙa ya yi tsaga ɗaya a jikin bishiyar. Wata shekara guguwar teku ta kwashe rufin ofishin rajistar haihuwa, ruwa ya cinye takardu kaf. Da gasa ta matso, sai aka ce kowane uba ya je gaban alƙali ya rantse da shekarun ɗansa, a rubuta sabuwar takarda.

Wata huɗu kafin nan, Shu'aibu ya riga ya yi wa kwakwar Uzairu tsaga ta goma sha bakwai. Wata huɗu, jama'a.

Shugaban hukumar ƙwallo, Alhaji Ƙasimu, ya tako da ƙafarsa har gida, ya tarar da Shu'aibu yana shanya. Kuma ba mugun mutum ba ne, ƙasarsa yake so. Suka gaisa, ya zauna a kan turmi, ya fara lallashi. Ya ce kowace ƙasa haka take yi. Ya ce a bara wata ƙasa ta kawo musu wani wai ɗan shekara sha shida da sanƙo a kansa, ana cewa ɗansa na fari ne yake riƙe masa takalmi. Shu'aibu ya yi dariya, don shi ma ya ga mutumin. Alhaji ya ce to, kalma ɗaya ake nema a wurinsa gobe, ya ce sha shida, shi ke nan.

Shu'aibu ya ajiye shanya. Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya roƙe shi su zaga bayan gida. Suka tsaya a gindin kwakwa.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ƙirga mini."

Alhaji ya ƙirga, ya kai goma sha bakwai. Ya ce ai bishiya ba ta zuwa kotu, kuma idan ta dame shi, akwai gatari.

Shu'aibu ya ce, "Hannun nan da ya yi tsagar, shi zan ɗora a kan Alƙur'ani gobe. Ina zan kai shi ya manta?"

Uzairu yana tsaye a ƙofa, ya ji komai. Da baƙo ya tafi, ya zo ya durƙusa gaban ubansa, abin da bai saba yi ba sai ranar salla. Ya ce wannan ce damarsa ta ƙarshe, babu wata gasa bayan wannan ga ɗan tsibiri, sai kamun kifi.

"Baba, wata huɗu ne fa kacal."

"Na sani, ɗana. Ni na ƙirga su."

Washegari Shu'aibu ya je gaban alƙali, ya ce goma sha bakwai da wata huɗu. Aka cire sunan Uzairu.

Ku saurara ku ji abin da ya biyo baya. A kasuwar kifi aka daina amsa masa sallama. A masallaci, wanda ya tsaya kusa da shi a sahu sai ya ɗan matsa. Uzairu ya daina cin tuwo a kwano ɗaya da shi. Shi kuwa bawan Allah bai bar aikinsa ba. Ya ɗauko rigar mai tsaron raga, wadda aka ɗinka daidai jikin ɗansa, ya zauna da allura da zare ya rage mata hannu, ya tsuke ta, don ta yi wa ƙaramin yaron da aka saka a gurbinsa daidai. Ya goge ta, ya ninke, ya ɗora a saman akwati. Ranar da jirgin ƙungiya ya tashi, Uzairu ma ya shiga wani jirgin masunta mai zuwa babbar ƙasar da ke ƙetaren teku, bai yi wa kowa sallama ba.

Yara suka je gasa. Wasan farko aka zura musu shida. Na biyu, huɗu. Mutanen tsibiri suna jin labari a rediyo, kowace ƙwallo ta shiga sai wani ya ce a je a gode wa Shu'aibu.

Sai ga abin da ba wanda ya zata. Masu shirya gasa suka kawo wata na'ura mai ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, wadda ake gane shekarun yaro da ita. Suka ce duk ƙungiyar da aka samu mutum ɗaya ya wuce shekaru, an kore ta gaba ɗaya. Ƙasar da ta ci su shida aka samu mutum biyar. Wadda ta ci su huɗu aka samu uku. Aka jera yaran tsibiri, ɗaya bayan ɗaya, goma sha takwas, ba a samu ko ɗaya ba. Waɗanda aka lallasa su aka ba tikitin babbar gasa. Subhanallahi. Duk lokacin da na zo nan a labarin, sai tsigar jikina ta tashi.

Gari ya ɗunguma gidan Shu'aibu, Alhaji Ƙasimu a gaba, yana neman gafara, yana tambayarsa wa ya tsegunta masa zancen na'urar. Shu'aibu ya ce shi bai taɓa jin labarinta ba.

"Ko ba a kawo ta ba, Alhaji, goma sha bakwai ne."

Sannan ya leƙa bayan taron, ya tambaya ko akwai wanda ya ji labarin Uzairu. Ba wanda ya ji.

Jama'a, gaskiya ba don za a kama mutum ake faɗinta ba, ana faɗinta ne don Allah Yana gani, ko da a kan ɗan cikinka za ta faɗa. Mu nan ba mu da kwakwa a bayan gida, amma kowane uba ya san ranar da aka yi wa ɗansa suna. Mu nawa ne muka je muka rantse aka rage wa yaro shekara, don makarantar ƙwallo, don jarrabawa, don neman aiki? Ni ma ina da mai buga ƙwallo a gida, an kuma fara yi mini irin wannan maganar, kuma wallahi ina tsoron ranar da zai durƙusa a gabana. Allah Ya ba mu ƙarfin hali irin na mai wankin nan.

An ce Shu'aibu bai fasa ba, duk shekara yana fita da wuƙarsa ya ƙara tsaga a jikin kwakwar. Ko Uzairu ya dawo, ko ya yafe wa ubansa, wannan har yau ba a sani ba.