Shamuwa, Bushiya da Kwazazzabon Fadamar Kurna

An yi wata mazaɓa a lardin dabbobi da ake kira Fadamar Kurna. Yawancin mazaunanta masu rami ne: gafiyoyi, kuregu, ɓeraye da sauransu. Duk bayan damina huɗu sukan zaɓi wakili guda da zai je majalisar lardi ya yi magana da yawunsu.

Shamuwa ce ta riƙe kujerar har sau biyu. Ga tsawo, ga iya magana, ga ji da kai. Tun da aka zaɓe ta ta koma birnin lardi ta yi sheƙa a kan wani rimi, ba a ganinta sai zaɓe ya matso.

Ita kuwa Bushiya, 'yar gajeruwa ce marar yawan magana, ba ta taɓa tunanin takara ba. Amma akwai wani kwazazzabo a gabashin fadamar da ruwa ke ƙara yagewa duk shekara. Bara ya cinye raminta da na maƙwabtanta tara. Sau uku tana aika wa Shamuwa saƙo, shiru. Sai ta je ta ba da sunanta.

Ana saura kwana biyu zaɓe, Shamuwa ta sauka da buhun soyayyar fara, ta raba wa kowa. Aka taru a gindin kurna don jin 'yan takara. Baba Damo, dattijon mazaɓar, shi ke ba da izinin magana.

Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce, "Jama'a, in kuka mayar da ni, zan dasa dogayen itatuwa ɗari, kowa ya samu reshen da zai huta a kai ya sha iska!"

Wani kurege ya tafa, sannan ya tuna ba ya hawa bishiya, ya bari.

Aka ba Bushiya dama. Don tsoron taro, da ƙyar ta ce, "Ni dai maganar kwazazzabo ce ta kawo ni."

Shamuwa ta tuntsire da dariya. "Wannan ɗan tsagin? Ai ta kansa na wuto jiya. Daga sama bai fi zare ba."

"Ranki ya daɗe, mu ba a sama muke kwana ba."

"Ke Bushiya, san da wa kike magana! Kin taɓa ganin ƙofar majalisa? Da waɗannan ƙafafun za ki isa can?"

"Zan isa, ko da a kwana uku ne."

Hayaniya ta kaure. Baba Damo ya buga wutsiya a ƙasa har aka yi tsit, ya ce, "Gardama ba za ta raba mu ba. Wurin ba nisa, mu je kowa ya gani."

Aka ɗunguma. Da suka isa, masu rami duk suka tsaya nesa da bakin, don an yi ruwa kwana biyu da suka wuce. Shamuwa ko ta wuce gaba tana taku ɗai-ɗai.

Bushiya ta ce, "Ranki ya daɗe, ki dawo baya, ƙarƙashin wurin nan rami ne."

"Ni za ki koya wa inda zan tsaya a mazaɓata?"

Ta hau can kan gaɓa, ta juyo ta fuskanci jama'a, ta buga ƙafa ta ce, "Kun gani? Ƙasa daram!"

Ba ta rufe baki ba gaɓar ta zabtare. Kafin ta buɗe fiffike ƙasa ta danne shi, ta gangara cikin taɓo har wuya.

"Wayyo! Jama'a, ku cece ni!"

Wasu suka ce a bar ta ta ɗan ji yadda abin yake. Bushiya kuwa ta nufi kwazazzabon. Ta bi wata 'yar hanya da ta sani ta sauka, ta fara tono. Gafiyoyi suka bi ta. Sai da rana ta karkata suka fito da Shamuwa, jiki duk laka, fiffike guda a karye.

Ranar zaɓe kowa ya jefa tsakuwarsa a ƙwaryar wadda yake so. Ta Bushiya ta cika har tana zuba. A ta Shamuwa aka tarar da bakwai.

Bushiya ta kama hanyar birni a ƙasa, ta isa a kwana huɗu. Majalisa ba ta ba ta abin a zo a gani ba, sai saiwar gamba dami talatin. Ta dawo ta tsaya aka dasa a bakin kwazazzabon don ta riƙe ƙasa. A daminar da ta biyo, rami ɗaya kawai ruwa ya ci.

Shamuwa kuwa, da yake ba ta iya tashi, a fadamar ta yi jinya wata biyar. A nan ta fara sanin sunayen waɗanda ta wakilta shekara takwas.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda ya nisanci jama'arsa ba zai san abin da ke damunsu ba, kuma girman kai yakan hana mutum jin gargaɗin da zai cece shi. In ka girma ka zo zaɓen wakili, ka duba wanda ya san matsalarka da idonsa, ba wanda ya fi daɗin baki ba.