Mai Haƙar Kabari da Ya Fara da Ɗansa

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekaru da dama da suka wuce, ana ce masa Malam Tanimu. Haƙar kabari ce sana'arsa, kuma in mamaci namiji ne, shi ake kira ya yi wanka. Shekara talatin yana wannan aiki, jama'a, ko matarsa ba ta taɓa jin abin da ya gani a jikin gawa ba.

To, ku saurara. Da can tsofaffi ya fi binnewa. Sai abu ya sauya, samari ake ta kawo masa, majiya ƙarfi, ba jinya ba haɗarin mota. Yana wanka ya ga busasshiyar kumfa a gefen baki. A ƙofar maƙabarta ya ji abokai suna kuka suna cewa, "Sai da muka hana shi haɗa ƙwaya da maganin tari." Iyaye kuwa su ce zazzaɓi ne. Wannan zazzaɓi, wancan zazzaɓi.

Duk wanda ya binne irin wannan, sai ya jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani, kowace shekara da nata, don kada ya manta da kowa a addu'a. Shekarar farko huɗu. Ta biyu tara. Ta uku ashirin da uku, kuma cikinsu har da autansa Mudassiru, tela. Shi ya wanke shi da hannunsa, shi ya haƙa masa. Maƙwabta suka ce zazzaɓi ne, ya bar su a haka.

Ana nan sai aka ji wata likita daga babban birnin jiha tana bin garuruwa tana ƙidayar waɗanda ƙwaya ta kashe, inda abin ya yi yawa a buɗe wurin jinya. Mai unguwa ya kira Malam Tanimu ya ce, "Kai ka san komai. Ka rufa mana asiri. In aka ce garinmu na 'yan ƙwaya ne, wa zai haɗa zuri'a da mu? In ka yi magana, wani za mu ba maƙabartar."

Ranar taro, da hantsi, likita ta tambayi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce zazzaɓi. Ta rufe littafinta ta ce, "To, zan rubuta babu."

Sai Malam Tanimu ya miƙe, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya juye gwangwanaye uku a gabanta, kowanne tarinsa daban. Ya ce, "Likita, ki ƙirga. Bara waccan, bara, bana."

Ta ƙirga, ta ɗago ta dube shi. "Baba, sunayensu fa?"

Ya ce, "Amana ce, ba nawa ba ne balle in bayar. Ɗaya ne nawa." Ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa guda. "Wannan Mudassiru ne, ɗana. Ba zazzaɓi ya kashe shi ba. Ki fara da shi."

Allahu Akbar! Can daga baya wata mata ta ce, "Ki sa nawa, Lurwanu." Wani dattijo ya ce, "Da jikana." Mai unguwa da kansa ya ce, "Ki rubuta ƙanena." Kafin azahar, talatin da shidan nan babu wanda iyalinsa ba su amsa shi ba.

Aka buɗe wurin jinya. Kada ku ce nan take mutuwar ta tsaya, a'a, shekara ta gaba sha tara ya binne. Amma iyaye suka fara kai 'ya'yansu da rai. Kafin Allah Ya karɓi ransa, sai da ya ga shekarar da biyu kaɗai ya binne.

Jama'a, mutumin nan bai tona asirin kowa ba, bai kuma yi ƙarya ba. Kunyarsa ya saka a gaba don 'ya'yan wasu su rayu. Ɓoye cuta ba sutura ba ce. Wanda ke da yaro a gida yana shan abin nan, kuma ya sani, kada ya jira ranar da zai ce wa masu gaisuwa zazzaɓi ne. Ka faɗa yau, ka kai shi magani yana numfashi. Allah Ya shirya mana zuri'a.