Melkianus da Yashin da Ya Huce

Akwai wani dattijo mai suna Melkianus Souhoka a wani ƙaramin tsibiri kusa da tsibirin Ambon. Ranar Litinin, huɗu ga watan Maris, da ƙarfe bakwai saura kwata na safe, ya ɗaura ɗanyen ganyen kwakwa a jikin sanda, ya kafa a bakin yashin da tsuntsun momoa ke binne ƙwai. Wannan alamar ita ce sasi. In aka kafa ta, babu mai taka wurin sai an cire.

Shi ne mai gadin yashin, aikin da ya gada daga mahaifinsa. Momoa ba ta wuce girman zabuwa ba, kuma ba ta kwanci. Takan sauko daga daji da dare ta haƙa rami a bakin teku, ta binne ƙwanta, ta bar wa zafin rana sauran aikin.

Al'adar garin ita ce a rufe na 'yan watanni, sannan a buɗe. Kowane gida da tsaginsa na yashi. Su tono wasu ƙwai su bar wasu, su tuge ciyawa, su sare rassan da ke yin inuwa, su koma gida.

Matar Melkianus ta rasu, 'ya'yansa suna birni. Ba shi da abin duba sai sawun tsuntsaye a kan yashi kowace safiya, kuma ya ga sawun yana raguwa. Da lokacin buɗewa ya yi, bai cire sandar ba. Bai kuma tara dattawa ya nemi shawara ba.

Yayarsa Oktovina ta kawo masa tuwon sago, garin da ake samu daga cikin wata bishiya mai kama da dabino, da miyar kifi, ta tsaya tana kallon sandar.

"Meki, ganyen nan naka ya bushe har ya isa tsintsiya. Yaushe za ka cire?"

"Ba bana ba, Yaya."

"Ba bana ba! Kai ka haifi tsuntsayen?"

"Ku kuka cinye su. Ku da bakinku da ba ya hutawa."

"Mun ci, mun kuma share. In ka hana mu shiga, wa zai tuge duman rafin?"

"Wanda ya halicce su bai ce yana jiran addarku ba."

Ta dangwarar da kwanon. "To, ƙaramin fasto. Ci tuwonka kafin ya sandare."

Shekara ta zagayo, ya sake sabon ganye. Wata ta sake zagayowa, ya ƙara sakewa. Da fari mutane sun yi ta gunaguni. Wani maƙwabcinsa mai kwalekwale, Yopi, in ya wuce ta ruwa yakan ɗaga murya: "Kaka, a gaida surukanka masu fukafukai!" Daga baya ko tsokanar ma aka daina. Aka koma sayen ƙwan kaza daga jirgin da ke zuwa ran kasuwa. A coci, bencin da yake zama yakan rage shi kaɗai.

Shi ma dokar ta hau kansa, ba ya taka yashin. Yakan zauna a gindin sandar daga hantsi har la'asar, yana kallon duman rafi yana yaɗo, kore shar, har bakin ruwa. Abin yana faranta masa rai. Yana cewa a zuciyarsa, ai wurin ya huta da mutane.

Wata safiya ya ga momoa guda ta makara ba ta koma daji ba. Ta soma haƙa, saiwa ta harɗe mata ƙafa. Ta matsa gaba ta sake gwadawa, haka dai. Ta tsaya jim tana waige-waige da ƙwai a cikinta, sannan ta tashi ta bi ta kan teku.

Melkianus ya miƙe ya tsallake sandarsa. Ya yaye ganyen duman rafin, ya cusa hannu cikin yashi har gwiwar hannu. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Ya yi ta tono da yatsunsa. Ya samu ƙwai ɗaya, ya girgiza shi a kunne, ya ji ruwa, ƙwan ya lalace. A gefen daji kuma ga ɓawon ƙwai birjik, ga sawun guza da na aladen daji, waɗanda a da warin mutane ke korarsu.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tuge sandar, ya shiga gari gida gida, hularsa a hannu.

"Na buɗe. Ku zo mu share. Ni na yi kuskure."

Mai gari ya ce, "An ce yanzu a tsibirin can na ƙetare tsuntsayen suke sauka. Ka huta, Baba Meki."

Yopi yana gyaran raga, bai ko yi dariya ba. "Kaka, ni fa ban san ma inda tsagin gidanmu yake ba. Babana ne ya sani, kuma bara muka binne shi."

Wasu suka ce ana tsinkar kanumfari, ba su da sukuni. Wasu gidajen a kulle suke, masu su sun bi jirgi.

Gidan Oktovina ya je daga ƙarshe, don ita ya fi jin nauyi. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ga yashi a gwiwoyinsa. Ta shiga ɗaki ta fito da adda.

"Ta yi tsatsa. Wasa mini ita, hannuna ba ya iyawa yanzu."

Duman rafi ba ya fita da sara ɗaya. In ka tuge nan, ya tsiro can. Har damina ta wuce ba su share fiye da faɗin tsakar gida ba, a yashin da a da yake ɗaukar dukan gari. Amma nan ɗin ya ɗauki zafi.

Waɗanda suka rage a bakin yashin bayan haka su ne: Melkianus, da bayansa ya ranƙwafa. Oktovina, wadda daga baya sai dai ta zauna a inuwa tana nuna inda aka bar saiwa. Wani kurma mai suna Esau, wanda bai taɓa jin faɗan da aka yi ba, ya ga ana aiki ya shigo. Sai momoa biyu, wani makon ɗaya.

Darasi: Duk yadda kake ƙaunar abu, kada ka ɗauka kai kaɗai ne mai kishinsa. Hannun da ka gani yana ɗiba, wataƙila shi ne yake gyarawa, kuma in ka kore shi ba lallai ya dawo ranar da ka kira ba. Ka yi shawara da mutanenka tun suna nan. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman waɗanda aka ba su amanar daji, ruwa ko ƙasa.