Tifar Da Ta Koma Da Lodinta

Akwai wani direban tifa a garin Daura da ake kira Ɗantsoho. Tifar tasa ce ta kansa, tsohuwa mai taya shida, kuma ya haura shekara ashirin yana ɗaukar yashi da marmara da tsakuwa a cikinta. Idan ya damƙi yashi ya murza a tafin hannu, zai gaya maka na bulo ne, na filasta ne, ko kuwa mai laka ne da zai sa bango ya riƙa zubar da gari kafin shekara ta zagayo. Birkiloli suna son kayansa. Abin da ba kowa ke so ba shi ne bakinsa, don ba ya ganin abu ya yi shiru.

Wata shekara, saura kamar wata biyu damina ta faɗi, wani mai harkar filaye, Alhaji Ma'aruf, ya sayi fili a bakin gari ta hanyar Sandamu. A tsakiyar filin akwai tsohon kududdufi. Alhaji ya ce a cike shi, zai jera shaguna a bakin titi, ya yanka fulotai a baya.

Saminu, shugaban direbobin da ke layi ɗaya da Ɗantsoho, ya raba aikin. Tifa takwas, kowa ya yi ta kai marmara har ramin ya cika. A lokacin aiki ya yi ƙaranci, don haka kowa ya tafi yana murna.

Ɗantsoho ne na uku da ya iso. Ya ja baya da mota zuwa bakin ramin, ya sauko ya duba inda zai juye, kamar yadda ya saba. Sai ya tsaya yana kallon ƙasar. Lunguna uku ne suka gangaro daga cikin unguwa, duk bakinsu ya ƙare a kududdufin. Kwarin da ruwan bara ya yanka yana nan a fili. A gefen ramin ta gangare kuwa gidajen ƙasa ne wajen goma, ƙofofinsu ko taku ɗaya ba su ɗara ƙasa ba.

Wata tsohuwa ta fito daga gidan farko tana dogara sanda. Iya Kande ake ce mata.

"Sannu da aiki, ɗan nan," in ji ta. "Na tambayi biyun da suka riga ka, ba wanda ya kula ni. Idan kun cike ramin, ina ruwan zai tafi?"

Ɗantsoho ya sake duba lungunan, ya duba ƙofarta. Ya ce, "Iya, cikin gidanki zai tafi."

Alhaji Ma'aruf yana zaune a motarsa a gindin wata darbejiya. Ɗantsoho ya je ya gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ina za a bi da magudanar ruwa?"

"Wace magudana?"

"Ruwan unguwar nan duk a ramin nan yake kwana. In za a cike, sai an fara haƙa lambatu daga bakin lungunan, a zuba kankare, a yi kwalbati a ƙarƙashin titi ya fita rafi. In an gama wannan, ni da kaina zan cike maka ramin."

Alhaji ya zare tabarau ya ƙare masa kallo. "Injiniya na ɗauka ko direba? Fili nawa ne, takarduna suna hannuna. Je ka juye."

"Filin naka ne, ranka ya daɗe. Ruwan ba naka ba ne, kuma ba ya karanta takarda."

"Kai, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Shi ya sa nake gaya maka tun ƙasa tana cikin mota."

Sauran direbobin sun taru suna kallo. Wani ya ja masa riga, ya ce a hankali, "Ɗantsoho, juye ka tafi. Ba kai za ka gyara duniya ba."

Ɗantsoho ya cire hannun mutumin daga rigarsa. Ya hau mota, ya tayar, ya fita titi da lodinsa cike kamar yadda ya shigo.

Kafin la'asar Saminu ya kira shi a waya. Alhaji ya ce muddin Ɗantsoho yana layin, babu tifar layin da za ta sake shiga wani aiki nasa. Kuma Alhaji yana da ayyuka a Daura, yana da su har Kongolam.

"Ka je ka ba shi haƙuri, shi ke nan," in ji Saminu.

"Haƙurin me? Zaginsa na yi?"

"Ka kunyata shi a gaban mutane."

"To ni ma za a kunyata ni gaban Wanda ya fi mutane, in na zuba ƙasar nan. Ka cire sunana."

Aka cire.

Tifa ta kwana a ƙofar gida, ta wuni, ta sake kwana. Sati ɗaya ya zama uku. Masu gini da suka saba kiransa suka daina, don ba mai son ya ɓata da Alhaji. Miyar gidan ta koma kuka babu nama. Kullum da safe sai Ɗantsoho ya fito ya tayar da injin don kada batir ya mutu, ya saurari ƙararsa, ya kashe.

Wata safiya matarsa Haulatu ta kawo masa koko ta zauna a gefen tabarma.

"Malam, jiya na bi ta wurin. Sun cike ramin. Har sun fara haƙa harsashin shaguna."

"Na ji."

"To ka ga da kai da babu kai, an cike. Mu ne kawai muka sha wuya."

Maganar ta taɓa shi, don shi ma ya yi ta juya ta a ransa.

"Haulatu, in katanga ta faɗo wa tsohuwar nan, kowane direba ya san tirif nawa ya zuba. Ni na san nawa. Babu."

Ta ɗauki kofin ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo. "In haka ne, kada ka tsaya a nan. Mutanen unguwar sun kai ƙara kotun shari'a, an ce sun rasa mai sana'ar da zai tsaya musu shaida. Tunda ka riga ka ɓata da shi, ka ƙarasa."

Ranar zaman kotu Ɗantsoho ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tafi. Iya Kande tana zaune a bencin gaba da mai unguwa. Alhaji ya zo da lauya da takardun fili, duk cikakku. Lauyan ya ce babu wata hujja da ta nuna ruwa zai shiga gidan kowa, zato ne kawai na mutanen da ba su san gini ba. Da aka kira Ɗantsoho, sai lauyan ya yi murmushi.

"Malam, a wace makaranta ka karanta aikin injiniya?"

"Ban karanta ba."

"To da wane ilimi za ka gaya wa kotu inda ruwa zai bi?"

Ɗantsoho ya juya wajen alƙali. "Allah ya gafarta Malam, kada a yarda da ni. A tambayi ruwan. A ba ni izini in kawo tankar ruwa ɗaya wurin, a sake shi a saman lungu, kowa ya tsaya ya ga inda zai nufa. In ya bi titi ya wuce, a hukunta ni da shaidar zur."

Alƙali ya rubuta wani abu, ya ce za a je gani da ido ranar Talata da hantsi.

Samun tankar ma sai da aka sha fama. Masu gidajen bulo biyu suka ce motarsu ta lalace. Na ukun, wani Maharazu, ya ce, "Ɗauki. In Alhaji ya so ya daina sayen bulo a wurina."

Ranar Talata unguwa ta cika. Alƙali ya tsaya a kan sabuwar marmarar, wadda yanzu ta fi lungunan tudu. Ɗantsoho ya sa aka kai tankar saman lungun tsakiya, ya buɗe famfon da hannunsa.

Ruwa ya gangaro yana tura ledoji da kara. Ya iso inda bakin ramin yake a da, ya tarar da tudu. Ya taru, ya yi ɗan jim, sai ya karkata hagu ya bi gindin marmarar, ya miƙe. Mata suka fara salati. Kafin tankar ta yi rabi, ruwa ya haura dokin ƙofar Iya Kande ya shige zaure.

Ɗantsoho ya rufe famfo. "Allah ya gafarta Malam, wannan rabin tanka ne. Ruwan Agusta ba ya da famfon da za a rufe."

Alƙali ya dubi Alhaji. Alhaji yana kallon takalmansa.

Hukuncin bai daɗe ba. Fili na Alhaji ne, ba wanda zai ƙwace. Amma ba za a ɗora bulo ko ɗaya ba sai an gina magudana da kwalbati har rafi, kuma kafin damina ta zauna, don shari'a ba ta yarda mutum ya ci moriyar dukiyarsa ta hanyar cutar da maƙwabci ba.

A bakin titi Alhaji ya sauke gilashin mota. "Ɗantsoho, ka yi nasara yau. Amma ba za ka sake ɗaukar ko shebur ɗaya a aikina ba."

"Allah ya ba ka masu ɗauka, ranka ya daɗe. Amma a sa rodi sosai a kwalbatin, manyan motoci ne ke bin titin nan."

Alhaji ya ɗaga gilashi.

Ya cika alkawarinsa, bai sake ba Ɗantsoho aiki ba har yau. Sai dai labarin tankar ya zaga gari. Maharazu ya ce daga yau duk yashin gidan bulonsa Ɗantsoho ne zai kawo. Wata hajiya da ke gina makarantar Islamiyya ta aiko a nemo mata "direban nan na kotu". Masu sayen fuloti suka fara kiransa tun kafin su biya, ya zo ya duba musu ko wurin hanyar ruwa ne. Wani daga Sandamu ya fasa sayen fili guda saboda maganarsa, kuma da damina ta zo filin ya zama tafki.

Wata rana Saminu ya zo har gida, ya daɗe yana gaisuwa.

"Mutane suna zuwa layi suna tambayarka da suna. Ka dawo. Maganar ba da haƙuri an bar ta."

"Zan dawo," in ji Ɗantsoho. "Amma daga yau, duk wanda ya kawo aikin cike kududdufi, sai mun je mun ga magudana da idonmu kafin tifa ta motsa. A rubuta, kowa ya sa hannu."

"Wasu ba za su so ba."

"To a bar ni a gida. Na saba."

Saminu ya sosa ƙeya. Bayan kwana biyu ya dawo da takarda, direbobi bakwai sun sa hannu, saura gurbi ɗaya. Ɗantsoho ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya sa aka gyara kalma ɗaya, sannan ya karɓi biro.

Darasi: Ba kowane lodi ake juyewa ba don kawai an ce a juye. Ko kai direba ne, ko birkila, ko lebura, hannunka yana cikin duk abin da aikinka ya jawo wa mutane, kuma "ni aike na aka yi" ba zai wanke ka gaban Allah ba. Mai dukiya ya sani cewa takardar fili ba ta ba shi izinin cutar da maƙwabci. Mai sana'a kuma ya sani cewa faɗin "a'a" yana da tsada, amma wanda ya tsaya a kan gaskiya, mutane za su neme shi da sunansa. Ku tura wannan labarin ga duk mai gini, mai sayar da fili ko direban tifa da kuka sani, tun kafin damina ta faɗi.